Kalma Ɗaya, Ma'ana Barkatai: Sharhi kan Fassarar Aikatau "Take" a Bakin Ɗalibin Hausa na Gadarif

1.0 Gabatarwa

Ɗalibai da yawa suna ɗauka cewa manyan kalmomin kimiyya da na shari'a su ne masu wuyar fassara. A gaskiya irin waɗannan sun fi sauƙi, domin galibi ma'anarsu ɗaya ce, da an samo takwararta an gama. Waɗanda suke kayar da mai fassara su ne ƙananan aikatau na yau da kullum, waɗanda kowa yake ganin ya san su tun aji ɗaya. Wannan takarda ta ɗauki guda daga cikinsu, wato aikatau na Ingilishi "take", ta duba yadda ma'anoninsa suke warwatsuwa idan aka juya su zuwa Hausa, tare da kwatanta su da Larabcin Sudan da Turkanci. Manufar ita ce a yi sharhi kan al'adar koyarwa da ta wasu ƙamusoshi ta bai wa kalma takwara guda, a nuna inda take kai ɗalibi ta baro.

2.0 Dalilin Zaɓen Gadarif

Gadarif birni ne a gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha, wanda ya yi suna wajen noman dawa da riɗi, musamman tun da aka fara noman injina a yankin a shekarun 1940. Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Wasu mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Abu-Manga (1999) ya yi nazari mai zurfi kan yadda Hausar Sudan take sajewa da Larabci.

Abin da ya sa ɗalibin Gadarif ya dace da wannan nazari shi ne Ingilishi ba ya isowa gare shi kai tsaye. Hausa yake ji a gida, Larabcin Sudan a kasuwa da gona, Larabcin littafi a aji. Tun 1965 aka fara mayar da karatun sakandare a Sudan zuwa Larabci, a 1990 kuma aka bi da jami'o'i, don haka Ingilishi darasi ne kawai, kuma da Larabci ake bayyana shi. Ke nan kalmar Ingilishi sai ta ƙetare gada biyu kafin ta kai ga Hausarsa. Shi kuwa Turkanci ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Mulkin da 'yan Sudan suke kira Turkiyya, daga 1821 zuwa 1885, ya bar kalmomi a Larabcinsu, kamar "oda" ɗaki, da "kubri" gada, da "ajzakhana" kantin magani. Bugu da ƙari, Turkanci ba dangin Hausa ba ne, ba dangin Ingilishi ba ne, saboda haka ya zama ma'auni mai kyau.

3.0 Takwara Guda: Inda Matsalar Take

A jerin kalmomin da ake haddacewa a aji, "take" shi ne ɗauka a Hausa, "akhadha" a Larabcin littafi, "almak" a Turkanci. A Larabcin Sudan ana cewa "shal" ko "akhad". Wannan daidai ne muddin hannu ne ya kai ga wani abu ya ɗaga shi, kamar littafi ko buhu. Da zarar karɓau ya sauya, sai gini ya rushe. A dubi waɗannan misalai:

(1) take medicine: Hausa, sha magani, Larabcin Sudan, shirib ad-dawa, Turkanci, ilaç içmek ko ilaç almak.
(2) take a bus: Hausa, hau mota ko shiga mota; Larabcin Sudan, rikib; Turkanci, otobüse binmek.
(3) take the child to school: Hausa, kai yaro makaranta, Larabcin Sudan, wadda, Turkanci, götürmek.
(4) take an oath: Hausa, yi rantsuwa ko sha rantsuwa, Larabcin Sudan, halaf, Turkanci, yemin etmek ko ant içmek.
(5) take an exam: Hausa, zauna jarrabawa ko rubuta jarrabawa, Larabcin Sudan, imtahan, Turkanci, sınava girmek.
(6) take a photograph: Hausa, ɗauki hoto, Larabcin Sudan, sawwar, Turkanci, fotoğraf çekmek.
(7) take a bribe: Hausa, ci hanci ko karɓi rashawa, Turkanci, rüşvet almak ko rüşvet yemek.
(8) take a town: Hausa, ci gari da yaƙi, Turkanci, şehri almak.

Daga misalai takwas ɗin nan, a guda ɗaya tak Bahaushe ya ce ɗauka, wato na (6). Abin lura kuma shi ne a nan ɗin ne Baturke ya ƙi "almak", ya ce "çekmek", wato ja, domin shi jan hoto yake yi. A na (5) Baturke shiga jarrabawa yake yi, Bahaushe kuwa zaunawa. A na (2) harsunan uku duk sun haɗu a kan hawa. A na (4) Hausa da Turkanci sun yi tarayya a abin mamaki, kowanne yana shan rantsuwa, domin "içmek" shi ne sha.

Abin da wannan yake nunawa shi ne aikatau irin "take" ba shi da cikakkiyar ma'ana shi kaɗai. Kamar ɗan dako yake, kayan da aka ɗora masa su ne suke faɗin inda za shi. Ma'anar tana cikin haɗuwarsa da karɓau, kuma kowane harshe yana da ɗan dakon da ya saba ba wa kowane irin kaya.

4.0 Ci da Sha: Kama da Wane Ba ta Wane

Mai lura zai ga cewa da yawa daga ayyukan da "take" yake yi wa Ingilishi, ci da sha ne suke yi wa Hausa: ci bashi, ci lokaci, ci gari, sha magani, sha iska, sha duka. Masana sun daɗe da kula da waɗannan aikatau biyu, daga Gouffé (1966) zuwa Williams (1991). Jaggar da Buba (2009) sun bayyana cewa a galibi ci yana nuna rinjaye da mallaka, sha kuwa yana nuna abin da ya auka wa mutum ya jure. Shi ya sa ake cin zaɓe, a ci sarauta, a ci jarrabawa, amma a sha kaye, a sha rana, a sha wahala. Ƙa'idar ba ta rasa togaciya ba, domin ana jin "ya ci wuya" da "ya ci duka", sai dai ita ce mafi rinjaye.

To, Larabci da Turkanci su ma suna faɗaɗa ci da sha, kuma a nan ne tarko yake. Ɗalibin da ya ga "yemek" na Turkanci shi ne ci, ya kuma ga "rüşvet yemek" ya yi daidai da cin hanci, zai saki jiki. Amma cin Baturke sau da yawa na wanda abu ya faɗa wa ne. "Dayak yemek" shan duka ne, "ceza yemek" kuwa shi ne a hukunta mutum ko a ci shi tara. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na ƙwallon ƙafa. Idan Bahaushe ya ce ƙungiya ta ci ƙwallo, ita ce ta jefa a raga. Idan Baturke ya ce "gol yemek", ragar ƙungiyar aka zura wa, domin mai zurawa "gol atmak" ya yi, wato jefawa. A Sudan kuma "jab gon" ake cewa, wato ya kawo. Mai fassara labarin wasa kalma da kalma daga Turkanci zai ba da nasara ga wanda aka lallasa.

Tsakanin Hausa da Larabci akwai tarkon da ya fi wannan haɗari ga mutumin Gadarif. Ɗan kasuwar Kano yana cewa ya ci riba, yana nufin cinikinsa ya yi albarka, kuma kalmar daga "ribh" ta Larabci take. Amma idan aka mayar da jimlar Larabci yadda take, "akal ar-riba", an ce mutumin ya ci kuɗin ruwa, abin da shari'a ta haramta. Sauti ɗaya, aikatau ɗaya, amma ɗaya yabo ne, ɗaya zargi. Haka kuma Bahaushe yana shan mangwaro da lemo da kankana, Balarabe kuwa cin su yake yi.

Shi ma "shal" na Larabcin Sudan ya yi nasa rassa. Daga gare shi aka sami "shel", wato tsarin da ƙaramin manomi yake karɓar kuɗi ko kaya a hannun ɗan kasuwa da damina, a kan zai biya da amfanin gona da kaka, a farashin da aka yanke tun kafin girbi. Manomin Gadarif ya san wannan kalma sarai. Wanda ya fassara ta da ɗauka bai faɗi kome ba, domin bashi ne aka ci, kuma mai nauyi.

5.0 Sharhi kan Ƙamusoshi

Ma'aunin da ya kamata a auna ƙamus da shi a wannan fage ɗaya ne: shin ya kawo aikatau tare da karɓaunsa, ko kuwa ya jera takwarori ne kawai ya bar mai karatu ya yi canke? Bargery (1934) taska ce ta fuskar Hausa zuwa Ingilishi, amma ɓangarensa na Ingilishi zuwa Hausa jerin kalmomi ne mai mayar da mutum ga babban ƙamus, ba a yi shi don warware irin wannan matsala ba. Ƙarfin Abraham (1949, bugu na biyu 1962) shi ne yawan jimlolin misali, saboda haka wanda yake son ganin faɗin ci da sha zai amfana da shi, sai dai daga Hausa yake farawa. Skinner (1965) ya yi wa ɗaliban ƙasar Hausa masu koyon Ingilishi hidima, amma ƙaramin ƙamus ba ya ɗaukar dukan rassan aikatau irin wannan. Roxana Ma Newman (1990) ita ce ta fi kusa da biyan bukata, domin tsarinta shi ne rarrabe ma'anoni tare da nuna muhallin da kowace take shiga.

Duk da haka, waɗannan ayyuka an gina su ne a kan Hausar Nijeriya, kuma suna ɗauka mai amfani da su ya iya karatun boko na Hausa. Ɗalibin Gadarif ƙamusun Ingilishi zuwa Larabci ne a gabansa, irin su al-Mawrid na Munir Ba'albaki, wanda ya fara fitowa a 1967. Wannan ƙamus yana jera ma'anoni da lambobi, amma da Larabcin littafi, kuma ɗalibi mai gaggawa ta farko yake kamawa ya rufe. Daga "take" ya tafi "akhadha", daga nan ya sauka a ɗauka. A kowace gada an zubar da wani abu.

Ba za a ɗora wa ƙamus laifin duka ba. Kafafen watsa labarai sun shigo da "ɗauki mataki" da "ɗauki lokaci", har sun zauna daram, ba mai jin baƙuntarsu a yau. Harshe yana da ikon karɓar abin da ya ga dama. Amma wannan ba lasin ba ne ga mai fassara, domin wani gurbin akwai mai shi. Wanda ya juya "take a bath" zuwa "ɗauki wanka" ya faɗi wani abu dabam, saboda a Hausar matasa wanda ya ɗau wanka ado ya caɓa. Ma'aikacin asibitin da ya ce wa majinyaci ya ɗauki ƙwaya biyu bai ce ya sha ba. Wanda kuma ya fassara "he took the exam" da "ya ci jarrabawa" ya ba da sakamakon da ba a fitar ba tukuna.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa tambayar "mece ce ma'anar take da Hausa?" gurguwar tambaya ce. Wadda ta dace ita ce: da wane karɓau? An kuma ga cewa ko da harsuna biyu sun yi tarayya a hoto ɗaya, kamar na ci, kowanne yana iya fuskantar da shi wata nahiya. Saboda haka ya kamata malami ya daina ba da aikatau tsirara a allo, ya riƙa ba da shi da abokin tafiyarsa. Ga mai koyar da 'ya'yan Hausawan Sudan kuwa, ya fi kyau a jera harsunan uku kafaɗa da kafaɗa, maimakon a bi ta Larabci a sauka a Hausa. Har ila yau akwai gurbin bincike a buɗe: tattara yadda Hausawan Gadarif da Kasala da Mai Wurno suke amfani da ɗauka da ci da sha a zancensu na yau da kullum, a kwatanta da na Kano da Sakkwato.

7.0 Aikin Ɗalibai

(a) A kawo jimloli goma masu aikatau "take" waɗanda ba a ambata a nan ba, a fassara su ba tare da an yi amfani da ɗauka ba.
(b) A jera amfani goma na aikatau "kama" a Hausa, kamar kama hanya da kama haya da kama baki, a nuna nawa ne daga ciki za su karɓi aikatau guda a wani harshen da ɗalibi ya sani.