Daga Fijo zuwa Corolla: Sauke Inji a Garejin Dutsin-Ma

A Amurka, masu sha'awar tsofaffin motoci ba sa gajiya da musu a kan Pontiac GTO da Ford Mustang, waɗanda suka fito a 1964, da injinansu masu silinda takwas da mutum kan warware a bayan gidansa. A hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi ma akwai irin wannan musun, sai dai gwarzon a nan Peugeot 504 ce, wato Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna da aka buɗe a 1975 kuma ya yi ta harhaɗa ta shekaru bayan Turawa sun daina yayinta.

Tsofaffin makanikai suna da hujja idan suka yabe ta. Injin 504 mai lita biyu ba shi da ɓoye-ɓoye: kafireta ce ke haɗa mai da iska, dilko ke raba wuta ga fulogi huɗu. Babban sirrinsa shi ne hannun rigar silinda, wanda ake zarewa ɗaya bayan ɗaya. Idan mota ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai, sai a sauke inji a ƙarƙashin bishiya, a shimfiɗa buhu, a jera kusoshi bi da bi, yaron gareji yana wanke kowane ƙarfe da fetur a gwangwani. A sa sabon hannun riga da fistin da ringi, a kai karanshaf wajen masu gogewa, a sauya mital. Kunnen maigida ne ke yanke hukunci a ƙarshe: ya kasa kunne, ya ɗan murɗa dilko, inji ya daidaita.

Corolla ƙirar 2003 zuwa sama, wadda ta cika gari musamman bayan kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, wata aba ce daban. Injinta lita 1.8 ne, amma samfurin Amurka yana ba da ƙarfin doki wajen 130, alhali na Fijo mai kafireta bai kai 100 ba. Ga tsimin mai, abin da ya zama magana babba tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Duk wanda ya ce ƙarfin injin dā ya fi na yanzu, ƙauna ce ke magana.

Wahalar tana wajen gyara. Gangar injin ta alminiyam ce, an zuba hannun rigar a cikinta tun daga masana'anta, ba ya zaruwa da hannu. Idan lagireto ya ƙafe inji ya yi zafi, saman silinda kan lanƙwashe. Kusoshinsa kuma da ma'auni ake ɗaure su, ba da ƙarfin damtse ba. Sannan ga kwamfutar mota da na'urorin da ke kai mata rahoto. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci kafar da ake jona na'urar gano matsala, kuma wanda ba shi da na'urar sai ya yi ta sauya kaya bisa zato, mai mota na biya.

Shi ya sa sana'ar ta juya. Maimakon a farfaɗo da inji, sai a buga waya Ƙofar Ruwa a Kano a tambayi kuɗin ɗan Beljiyam, wato injin da aka yi amfani da shi a ƙasar waje, a ɗora shi sukutum. Sau da yawa hakan ya fi sauƙi, ko da yake ba wanda ya san tafiyar da injin ya sha a Turai. Yaron da ya shiga gareji yau zai iya ƙwarewa a cire inji da mayarwa kafin ya taɓa ganin cikinsa, aikin ringi da fistin kuma ya fi samunsa wajen masu gyaran babura da injinan ban-ruwa na manoman rani a kewayen madatsar Zobe.