Sharhi kan Fassarar «détective privé»

Masu fassara kan mayar da «détective privé» «ɗan sandan ciki». A ganinmu wannan kuskure ne: ɗan sandan ciki ma'aikacin hukuma ne, wancan kuwa mai buƙata ke ɗaukarsa ya biya shi. A kwarin Komadugu, wanda aka sace wa shanu mai bin sawu yake nema, kuma shaidar amanarsa ita ce bulaman da ya san asalinsa. Bayan harin Boko Haram kan Diffa da Bosso a Fabrairun 2015, an sha kashe waɗanda aka zarga da kai wa hukuma rahoto. Kiran irin wannan mutum ɗan sanda jefa shi cikin haɗari ne. Muna ba da shawarar «mai bin diddigi».