Hancin manomi da sirrin taki a ƙasar Guri

Hausawa sun ce hanci bai san daɗin gishiri ba. Haka ne, amma a harkar taki hanci ne babban malami. Tsohon manomi a ƙasar Guri ta Masarautar Haɗeja, idan ya ratsa gonar da aka barbaje ɗanyen taki aka bar shi a tsakar rana, zarni ya bugi hancinsa, sai ka ga ya girgiza kai. Ya san ƙarfin takin ne ke tashi sama, mai gonar kuwa zai ga sakayya ranar girbi.

Masana sun tabbatar da abin da hancin nan ya daɗe da sani. A cikin kashi da fitsarin dabba akwai sinadarin naitirojin, wanda shi ne ke sa ganyen gero ya yi kore shar. Kaso mai yawa na sinadarin yana cikin fitsari, a siffar yuriya, irin wadda ake sayarwa a buhu da kashi 46 cikin ɗari na naitirojin. Da zarar fitsari ya gamu da kashi, sai yuriyar ta fara rikiɗa zuwa iskar amoniya, mai yajin nan da ke sa ido hawaye a turken awaki. Zafi da iska su ke ƙara mata gudu, kuma mafi yawan asarar tana aukuwa ne a yinin farko. Amoniyar da ta tashi tana haɗuwa da hayaƙi ta zama ƙura mai laushi da ke cutar da huhu, wata kuma ta sauko a kan ruwa ta ciyar da ciyayin da ba a so.

A Turai, inda ake tara kashin shanu da fitsari a rami har su zama kamar kunu, an daɗe ana fesa shi sama daga bayan tanka a filayen ciyawa. Ƙasar Holan ta hana wannan tun farkon shekarun 1990. Jamus ma daga watan Fabrairun 2025 ta wajabta a riƙa ajiye shi layi-layi a ƙasa a filayen kiwo. Yanzu injinansu suna jan bututai masu baki kamar takalmi, su buɗa ciyawa su zuba takin a gindinta, wasu kuma su tsaga ƙasa su cusa shi ciki. Dabarar dai guda ce: a rage wa taki haɗuwa da iska, a gaggauta haɗa shi da ƙasa.

Manomin Guri ba shi da tanka, amma ya riƙe wannan ƙa'ida tun kaka da kakanni. Ƙasarsa iri biyu ce. Akwai jigawa mai rairayi, inda ake gero da dawa da wake da riɗi, akwai kuma fadama mai laka, wadda Kogin Haɗeja ke malala a kanta da damina, inda ake shinkafa da noman rani. Rairayi ba ya riƙe abinci, don haka gonar tudu kullum tana jin yunwar taki.

Hanya mafi tsufa ita ce saukar da makiyaya a gona. Bayan kaka, Fulani kan gangaro fadamun Haɗeja da Nguru neman ruwa da ɗanyar ciyawa. Mai gona ya nemi mai garke, a yi shiri: shanu su ci kara da karmami, su kwana a gonar, shi kuma ya ba da dammunan hatsi. Gwanintar tana wajen juya makwanci. Gwani ba ya barin garke ya daɗe a wuri guda har ƙasa ta ƙone. Bayan 'yan kwanaki sai a matsa gaba, ana bin wuraren da ya lura amfani ya yi rauni bara. Da dare, lokacin sanyi, fitsari na sauka kai tsaye cikin rairayi ya nutse, kofato kuma ya tattake kashin ya cuɗa shi da ƙasa. Binciken da aka yi a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai a shekarun 1990 ya nuna gero ya fi yabanya inda dabbobi suka kwana, fiye da inda aka kwaso kashi kawai aka zuba. Bambancin fitsari ne.

Hanya ta biyu ita ce takin gida. Mai turke da ya san aikinsa yakan shimfiɗa ƙaiƙayi ko ragowar harawa a ƙarƙashin dabbobi don ya tsotse fitsari, ya tara abin da ya share a inuwa. Da bazara sai a ɗora a mangalar jaki ko amalanken shanu a kai gona. A nan ake gane gwani. Ba ya baje takin nan take rana ta gasa shi. Tsibi-tsibi yake ajiyewa, domin tsibi bayansa kaɗai ke shan iska, cikinsa na nan da ƙarfinsa. Sai hadari ya fara haɗuwa, ƙasa ta yi laima, sannan ya watsa, garma na biye, huɗa ta rufe shi a cikin kunya. Mai hankali kuma yakan raba toka da ɗanyen taki, don kaifin toka yana koro amoniya waje.

A fadama lissafin ya ɗan bambanta. Ɗanyen taki a ƙarƙashin ruwa yana ruɓa ba tare da iska ba, ya fitar da iskar mitan mai ɗumama duniya, saboda haka wanda ya riga ya ruɓe ya fi dacewa da shinkafa. Yuriyar buhu ma hukuncinta ɗaya: wanda ya watsa ta a kan ruwa da rana tsaka ya yi wa iska kyauta, wanda ya tona gindin shuka ya binne ya ajiye kuɗinsa. Akwai dunƙulalliyar yuriya da ake cusawa cikin laka tsakanin gindin shinkafa huɗu, dabarar da ta yi ƙarfi a Bangaladash kafin ta iso Najeriya.

Wannan sani yana fuskantar matsi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliya ta sauya hali, ciyawar kacalla ta toshe magudanai ta cinye gonaki da makiyaya. Fili ya ƙuntata, rikicin manoma da makiyaya ya yawaita a yankin, kuma duk inda amana ta lalace, garke ya daina kwana a gona. Manomi ya koma neman takin zamani mai tsada, makiyayi ya bar kashin shanunsa yana bushewa a daji.

Don haka masu sulhu a Masarautar Haɗeja da malaman gona su sa maganar taki a cikin zamansu, domin tana daga cikin abin da ya haɗa Bafulatani da manomi tun asali. Kai kuma ɗan'uwa mai gona, bana idan ka kai taki, tara shi tsibi, jira laima, ka rufe shi da ƙasa a ranar da ka watsa.