Leza a Kan Baƙar Fata: A Bar wa Likita Wutarsa

A 'yan shekarun nan wata sabuwar sana'a ta kunno kai cikin sha'anin gyaran jiki, wadda ko da yake shagunanta suna can Legas da Abuja da Alƙahira da Dubai, labarinta ya riga ya iso mana nan Katuzu ta cikin wayoyin hannu, har ta kai a gidan biki, ko a dandalin da matasa ke hira bayan sallar isha'i, ba a rasa mai nuna hoton wata fuska kafin aiki da bayan aiki, yana rantsuwa cewa da haske kaɗai aka share tabo, aka miƙe tamoji, aka mayar da 'yar hamsin 'yar talatin. Wannan haske shi ake kira leza. Ra'ayina a kanta, wanda zan kafa wa hujja gwargwadon iko, shi ne magani ce ta haƙiƙa mai amfani ƙwarai, amma kuma wuta ce, don haka mahallinta hannun likita, dalilinta kuwa lalura, ba shagon kwalliya da fargabar tsufa ba.

Ya kamata mu fara sanin asalin abin, domin malamai sun ce hukunta abu reshe ne na fahimtarsa. A shekarar 1960 wani masani mai suna Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, inda ya yi amfani da dutsen yaƙutu ya tattara haske mai launi ɗaya tak, ya harba shi wuri guda ba tare da ya warwatse ba. Ba a jima ba wani likitan fata na birnin Sinsinati, Leon Goldman, ya fara gwada ta a jikin mutane. Amma ƙa'idar da aka gina sana'ar a kanta sai a 1983 ta fito, sa'ad da Rox Anderson da John Parrish suka bayyana cewa kowane abu a cikin fata, ruwa ne ko jini ko sinadarin launi, yana da irin hasken da ya fi zuƙa, kuma idan aka zaɓi tsawon zangon haske daidai, aka taƙaita lokacin harbinsa daidai, sai zafi ya halaka abin da aka nufa, ya bar maƙwabtansa lafiya.

To, da me ake sabunta fata? Da ƙuna ake yi, ƙunar da aka auna. Lezar da ke aiki da iskar kabon, mai tsawon zango nanomita 10,600, ruwan da ke cikin fata ne ke zuƙe haskenta, sai saman fatar ya ƙone ya tashi tururi, zafin ya ratsa ƙasa, jiki kuma da ya ji rauni sai ya tashi tsaye yana saƙa sabon kolajin, wato zaren da ke riƙe fata ta miƙe. A da ana ƙone fuskar ce baki ɗaya, mutum ya yi makonni yana jinya. A 2004 Dieter Manstein da abokan aikinsa suka fito da dabarar huda dubban ramuka ƙanana, ana barin lafiyayyar fata a tsakaninsu domin ta gaggauta warkar da sauran. Wanda aka yi wa irin wannan aiki, washegari fuskarsa takan kumbura ta yi zafi, bayan kwana biyu ko uku ɓawo ƙanana su fito a jere, su yi ta zuba har kusan mako guda. Wannan kashi na labarin ba ya shiga hoton talla.

A nan ne maganar ta zo kanmu. Likitan nan na jami'ar Harvard, Thomas Fitzpatrick, wanda ya ƙirƙiro ma'aunin launin fata a 1975, ma'aunin da yau ke da daraja shida, ya taimaka wa likitoci su gane cewa ba kowace fata ce ke amsa haske iri ɗaya ba, mu kuwa Badawa da Mangawa da Hausawa galibinmu a daraja ta biyar da ta shida muke. Sinadarin melanin da Allah Ya wadata mu da shi, shi ne garkuwar da ta sa tamoji ke jinkirin zuwa mana idan aka kwatanta da Turawa, kuma shi ne dai ke kama hasken leza ya mayar da shi zafi a inda ba a nufa ba. Sakamakon haka sai a ga wurin da aka yi wa aiki, bayan 'yan makonni, ya yi duhu fiye da yadda yake tun farko, ko ya kwaile ya yi fari dabbare-dabbare, ko kuma ya tayar da irin tabon nan mai kumbura ya yi tsiro, wanda duk wanda ya taɓa ganin hujin kunnen da ya ƙi lafawa ya san shi. Akwai leza mai zangon nanomita 1,064 wadda melanin ba ya zuƙa sosai, kuma ita likitoci suka fi aminta da ita ga baƙar fata, amma ko ita ɗin sai da ilimi, da gwaji a ɗan ƙaramin wuri, da haƙurin jira a ga yadda fata za ta amsa.

Sa'an nan ga sharaɗin da ke biye da aikin, wato ƙaurace wa rana na makonni da yawaita shafa man kariya. Ina roƙon mai karatu ya auna wannan sharaɗi da ranar Gashuwa da Nguru a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ko da ƙurar hunturu da ke tsattsage leɓe da diddige. Malamar makarantar da za ta taka zuwa aiki da hantsi, da matar da za ta tsaya kan murhu, da manomin shinkafa a fadamar Kogin Yobe, wane ne cikinsu zai iya ɓoye fuskarsa wata guda? Aikin da aka yi a ɗaki mai sanyi a Abuja, a nan zai zo ya warke ko ya lalace, mai na'urar kuwa yana nesa da mu tafiyar yini.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da yawa daga masu marmarin leza fatarsu ta riga ta jigata da man bilicin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito a 2011 cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da mayukan ƙara hasken fata, hukumar NAFDAC kuma ta ayyana lamarin a matsayin matsalar gaggawa a 2023. Mun san alamomin: fuska ta yi fari, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi ƙirin, jijiyoyi sun fito raɗau a kunci, nankarwa ta tsaga damtse. Fatar da ta yi siriri haka ba ta da ƙarfin ɗaukar wata sabuwar ƙuna, kuma matuƙar ba a daina shafe-shafen ba, babu hasken da zai gyara ta. Wasu mayukan ma suna ɗauke da sinadarin makuri, wanda aka tabbatar yana lahanta ƙoda. Mu kuwa mutanen Gashuwa, da muka binne 'yan'uwa masu yawa saboda ciwon ƙoda, ba mu ne ya kamata a roƙa mu nisanci irin wannan ba.

Na san dalilin da ya sa jama'a ke ɗaukar leza da sauƙi. Mun gaji gyaran jiki mai taushi: ana kwaɓa dilka da kurkum, a murje amarya da ita har dattin fata ya mulmule ya zube, a bi da halawa, a turara ta da turaren wuta, a ƙunsa mata lalle. Duk wannan a saman fata yake tsayawa, kuma idan an yi kuskure, 'yan makonni sun isa su shafe shi. Amanar da muka ba mai dilka ta cancance ta, amma bai halatta a miƙa ta haka nan ga wanda ya sayo na'ura ya koyi danna maɓalli cikin 'yan kwanaki, alhali kuskurensa yana iya zama a fuska har kabari, hasken kuma idan ya kauce ya shiga ido yana iya makantarwa.

Shari'a ma ta yi mana iyaka mai kyau. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito ƙissar sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinariya. Daga nan fuƙaha'u suka rarrabe tsakanin gusar da aibi da sauya halitta don neman ƙarin kyau. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Putrajaya ta ƙasar Malesiya a 2007, ta halatta gyaran tabon ƙuna da na haɗari da na cuta, ta kuma hana kawar da tamoji ta hanyar tiyata ko allura sai idan cuta ce ta jawo shi, kuma an aminta daga cutarwa. A ganina hikimar wannan rarrabewa tana hawa kan leza daidai wa daida.

Saboda haka ba na cikin masu tsine wa na'urar. Yaron da ya faɗa wutar jin ɗumi da hunturu, tabo ya ɗaure masa wuya. Yarinyar da tafasasshen mai ya zubo wa. Saurayin da ƙuraje suka rarake wa kunci har yana jin nauyin shiga mutane: waɗannan suna da haƙƙi a kan wannan ilimi, kuma burina shi ne wata rana a same shi a asibitocinmu, irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, a hannun ƙwararrun likitocin fata, a kan kuɗin da talaka zai iya. Amma uwar da ta haifi bakwai, ta yi shekara talatin tana hidimar gida, layukan goshinta ba cuta ba ne. Idan tsoron kishiya ko gorin miji ne ya kai ta neman a ƙone mata fuska, to, a wurin mijin aibin yake, kuma mu maza ya wajaba mu ji kunyar haka, mu gyara harshenmu da idonmu.

Wanda lalura ta kai shi, nasihata gare shi ita ce ya tambayi abu huɗu kafin ya kwanta: shin mai aikin likita ne mai rajista da Majalisar Likitoci ta Nijeriya, wace irin leza ce, kuma ya saba aiki da ita a kan fata irin tamu, zai fara gwadawa a ɗan wuri a bayan kunne, kuma wa zai duba shi idan wurin ya yi duhu bayan ya dawo gida. Wanda ya amsa waɗannan da natsuwa, ya kuma faɗi gaskiya cewa leza tana rage tabo ne, ba ta mayar da fata kamar ba a taɓa ta ba, shi ne abin dogaro bayan Allah. Wanda kuwa ya yi alkawarin ƙuruciya cikin zama uku, a tashi a ba shi wuri. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu tsufa da mutunci, amin.