Jinjina Ga Makaɗa Uku

Fiyano ɗaya, goge ɗaya irin na Turawa, sai babban goge mai kaurin murya da ake kira selo. Mutum uku ke nan a ɗaki, babu madugu, babu wanda zai ɓoye bayan wani. Dubi yadda mai goge ke ɗaga gira ya ja numfashi, sauran biyun su shigo tare kamar bakinsu ɗaya. Shekaru ake kwashewa ana gwaji kafin a kai nan, kuma abin a yaba musu ne.

Mawallafan kiɗa na wannan zamani ba su bar su haka ba. Arvo Pärt, ɗan ƙasar Istoniya, rashin abokinsa ne ya sa shi ɗaukar alƙalami. Abokin, Oleg Kagan, gwanin goge na Rasha mai ƙaunar Mozart, ya rasu a 1990. A 1992 Pärt ya ɗauko wani sassanyan kiɗan fiyano da Mozart ya rubuta tun yana saurayi, ya bar shi kusan yadda yake, ya sa gogen nan biyu suna zagaye shi a hankali, wani lokaci sautin ya ɗan yi ɗaci kamar mai haɗiye kuka. A ganina ta'aziyya ba ta wuce haka.

Ita kuwa Jennifer Higdon ta Amurka, launi ta bi a kiɗan da ta rubuta wa makaɗa uku a 2003: kashi ɗaya ruwan ɗorawa mai sanyi, ɗayan jan wuta.

Mai karatu, nemi wancan kiɗan ta'aziyya, Mozart-Adagio na Pärt, ka saurara da daddare in gida ya yi tsit.