Jinjina ga Maharban Damagaram

Kafin zakara ya yi cara maharbi ya bar gida. A ƙauyukan Mirya, Magarya da Matamaye, dabbobin dawa sun yi ƙaranci, amma har yau akwai mutanen da ke duban rairayi su gaya maka abin da ya ratsa cikin dare: nan zomo ya yi tsalle, can zabi suka yi kiwo, wannan sawun dila ne mai ɗingishi. Daga wajen uba ake gadar wannan ilimi. Yaro kan yi shekaru yana riƙon gora da igiyar karnuka kafin a damƙa masa baka, kuma tun da wuri ake hana shi harbin barewa mai ciki.

Addu'a ce guzurin farko. Yawancin maharban Musulmi ne, amma ko Kirista daga cikin ƴan tsirarun da ke Zinder tun zuwan mishan na SIM a 1924, ya san ba ƙarfinsa ke dawo da shi daga daji ba.

Matansu ma sun cancanci yabo. Su ke kwana da fargaba, su ke hura wutar banda, su raba nama har maƙwabciya marar miji ta samu tsokarta.

Idan maciji ya sari manomi, ko dabba ta ɓata, ƙofar maharbi ake bugawa. Kuma tun da aka keɓe yankin Termit da Tin Tumma a 2012 don kare namun daji, masu gadin wurin na buƙatar irin idon nan mai karanta sawu. Allah Ya ƙara muku lafiya, mazajen dawa.