Halimatu Ayinde: Kafin A Ƙirga Dala, A Ƙirga Shekaru

Tun ranar 26 ga Yuli, 2025, da Super Falcons suka ci Maroko 3-2 a Rabat suka ɗauki kofin Afirka karo na 10, maganar ƙwallon mata ta shigo unguwar nan da ƙarfinta. Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba kofin ne ya shigo da ita ba. Kyautar da Shugaba Tinubu ya sanar ce: kowace 'yar wasa kwatankwacin dala 100,000, da gida mai ɗaki uku, da lambar girmamawa ta OON. Nan take wasu da jiya suke cewa ƙwallon mace lalacewa ce suka koma lissafin canji a teburin mai shayi.

Cikin waɗanda suka ɗauko kofin akwai wadda ya kamata mu mutanen Mararaban Rido mu fi kowa sani: Halimatu Ibrahim Ayinde, haifaffiyar Kaduna, a 1995. Da kuɗin mota ɗaya za ka je garin da aka haife ta. Amma shiga gidan kallon ƙwallo ka tambaya, yaro zai lissafo maka 'yan benci na Arsenal kafin ya tuna da sunanta.

Dalili kuwa shi ne irin aikinta. Halimatu 'yar tsakiya ce mai tsaro, ba mai zura ƙwallo ba. Ita ce mai tare hanya, ta ƙwace, ta miƙa wa na gaba, su ci a yi musu tafi. Duk ɗan kasuwa ya san wannan: mai tsayuwa a kanta shi ake gani, amma wanda ke sito yana tsare kaya shi ke hana shago karyewa. Wanda ya kalli wasan Najeriya da Ingila a gasar duniya ta 2023 ya ga haka. Ingila ce ke riƙe da kofin Turai a lokacin, amma aka yi minti 120 ba ta ci ko ɗaya ba, sai a bugun fanareti ta tsallake. Tsakiyar da ta hana Turawan sakat, da Halimatu a ciki.

Ba za mu ɓoye aibi ba. Mai irin wannan aiki kullum a bakin kati take. A wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka na 2022, shi ma da Maroko a Rabat, an ba ta jan kati, daga baya aka kori Rasheedat Ajibade. Najeriya ta ƙarasa da mutum tara, aka tashi 1-1, aka fitar da ita a fanareti. Hukuncin ya bi Halimatu har gasar duniya, ba ta buga wasan farko da Kanada ba. Zafin nama in ya wuce gona da iri, ƙungiya ce ke biyan bashin. Abin yabo shi ne bayan shekara uku ta koma Rabat ɗin nan, an ci su 2-0 kafin hutun rabin lokaci, suka farke suka ɗauki kofi.

To, yanzu a ƙirga shekaru. Tana cikin 'yan ƙasa da shekara 20 da suka kai wasan ƙarshe a Kanada a 2014, Jamus ta ci su 1-0. Kafin ta yi suna sai da ta bar gida ta tafi Delta Queens. A 2015 ta koma Western New York Flash a Amurka, daga nan Minsk a Belarus, sannan Suwidin, inda ta buga wa Eskilstuna United da Rosengård. Shekara 11 ke nan tsakanin wancan wasa na Kanada da kyautar 2025 da ake ta yi wa lissafi, cikin sanyi da baƙunta da ciwon ƙafa. Kuma ita ɗaya ce cikin dubban da suka fara tare. Sauran fa? Wadda ta bar makaranta saboda ƙwallo, gwiwa ta tsinke tana shekara 19, wa ya sanar da kyautarta?

Saboda haka ɓangare biyu muke yi wa magana. Masu cewa motsa jiki haramun ne ga mace, a yi hattara da fatawa. Ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Abin dubawa shi ne sutura, da cakuɗuwa, da wanda ke kula da yaran. Hukumar dokokin ƙwallo ta halatta rufe kai tun 2014, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya ta 2023 da hijabinta. Kenan uzurin kaya ya ragu.

Masu ɗokin dala kuma, a sassauta. Manyan ƙungiyoyin mata irin su Rivers Angels, Bayelsa Queens da Edo Queens duk a kudu suke. Ka ɗauki yarinya 'yar shekara 14 ka damƙa wa wani wai shi dillalin 'yan wasa ne, ba ka san inda za ta kwana ba, wannan ba neman arziki ba ne, sakaci ne da amana.

Abin da ya fi shi ne a yi abin a gida, a idon iyaye. Makarantun unguwa, na boko da Islamiyya, su ware wa 'yan mata lokacinsu a fili, mace ta horar da su, da dogon wando da ɗankwali, kuma sharaɗi shi ne karatu ba zai tsaya ba. Wadda Allah Ya ba baiwa za ta fito, wadda ba a ba ba ta samu lafiyar jiki da takardarta a hannu. Kwamitin unguwa da shugabannin makarantu, maganar nan gare ku take.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.